Tsarkiya Ɗaya: Abin da Ya Hana a Rubuta Tarihin Mai Goge a Ƙasar Sakkwato

Ɗalibin da ya shiga ɗakin karatu a Sakkwato yana neman tarihin makaɗan wannan ƙasa ba zai fito hannu rabbana ba. Zai sami littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na 2009 a kan Ibrahim Narambaɗa. Zai sami abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara a kan Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo da Sa'idu Faru, ga kuma kundayen digiri birjik a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma in ya ce mai goge yake nema, mutum guda da za a bi rayuwarsa tun daga ranar da ya fara riƙe izga har ranar da ya ajiye ta, a faɗi wanda ya koya masa, da taken da ya gada, da wanda ya ƙaga da kansa, da abin da ya bambanta hannunsa da na sauran, to abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Inda ma aka ba mai goge ko mai kukuma 'yan shafuka, za a tarar bakinsa aka bi, aka bar hannunsa.

Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, wannan giɓi ba daga ƙarancin gwanaye ya zo ba, ba kuma daga ƙanƙantar fasahar ba. Abu biyu ne suka haifar da shi. Na farko tsoho ne: matsayin da goge ya tsinci kansa a ciki bayan jihadi, lokacin da alƙalami da fada duka suka juya masa baya. Na biyu namu ne, mu 'yan boko: hanyar da muka ɗauka ta nazarin waƙar baka, wadda ta ƙware wajen jin magana amma ba ta horar da kunne ga jin kiɗa ba. Na farkon ya wuce, sai dai a fahimce shi. Na biyun yana hannunmu.

Ya kamata a fara duban abin da ake magana a kansa, don da yawa daga masu yanke wa goge hukunci, na yabo ko na suka, ba su taɓa ganin sa kusa ba. Rabin ƙwarya ne ake rufe bakinsa da fatar guza, a ɗame ta, a kafe ta da ƙananan ƙusoshi, a huda rami a gefe guda na fatar don murya ta fita. Sai a soka sanda ta ratsa ƙwaryar. Tsarkiyar ba zare ɗaya ba ce, tarin gashin wutsiyar doki ne aka haɗa, aka ɗaure daga gindin sandar zuwa samanta, aka tokare shi da ɗan icen da ake kira jaki. Abin gogawar ma, wato izga, gashin doki ne a jikin lanƙwasasshen ice ko ƙarfe. Kafin makaɗi ya fara, zai shafa ƙaro a izgar da tsarkiyar, in ba haka ba gashi zai zame a kan gashi ba tare da ya yi kuka ba. In da damina ne ko da sanyin asuba fata ta saki, sai ya kara ta kusa da wuta ko ya shanya ta a rana har ta koma daidai. Yakan matsa jaki gaba ko baya kaɗan, ya ja izga sau biyu, ya kasa kunne, ya sake matsawa. Sa'an nan abin da ya fi ba ni mamaki: babu allo a ƙarƙashin tsarkiyar da yatsa zai danne ta a kai, babu kuma wata alama da ke nuna wurin kowace murya. A iska yatsun hagu suke taɓa ta. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata murya. Wanda ya iya fitar da waƙa sarai daga irin wannan abu, har mai sauraro ya gane kalmomin da gogen ke faɗa ba tare da an buɗe baki ba, ya yi shekaru yana gumi.

A 1781 aka haifi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Shekara ɗaya bayansa, ranar 27 ga Oktoba 1782, aka haifi Nikolo Paganini a birnin Jenowa na ƙasar Italiya. Na kawo shi nan ne don rayuwarsa ta nuna yadda tarihin mai goge yake kasancewa idan an rubuta shi, kuma don ta fi kama da ta masu gogenmu fiye da yadda ake zato. Gogen Turawa, wanda suke kira biyolin, tsarkiya huɗu gare shi. Uban Paganini ne ya fara koya masa kiɗa yana ɗan shekara biyar, ya ɗora shi a kan goge yana ɗan bakwai, da tsanani ƙwarai. Daga nan aka kai shi wurin malamai a Jenowa da Parma. Ya yi aiki a garin Lukka, inda daga 1805 ya zama makaɗin fadar Elisa, 'yar'uwar Napoliyon. Wajen 1809 ya bar fada ya kama yawon kiɗa na ƙashin kansa. Milan ta san shi a 1813, Biyana a 1828, Faris da Landan a 1831. A 1820 aka buga masa guntayen kiɗa guda 24 na goge tsura, waɗanda har yau su ne ma'aunin gwaninta ga duk mai koyon wannan sana'a. Abin da ya fi girgiza masu sauraronsa kuwa shi ne yadda yakan bar tsarkiya uku ya yi kiɗa cikakke a kan guda ɗaya tak, har ya tsara kiɗe-kiɗe musamman domin haka. Abin da Turai ta ɗauka abin al'ajabi, shi ne aikin yau da kullum na mai goge a Gobir da Zamfara da Kabi.

Kamancin bai tsaya nan ba. Mutanen zamaninsa sun yi ta yaɗa cewa ya ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan, don a ganinsu hannun ɗan Adam kaɗai ba zai iya abin da yake yi ba. Da ya mutu a garin Nis ranar 27 ga Mayu 1840 ba tare da an yi masa addu'o'in ƙarshe na cocinsu ba, sai babban limamin cocin garin ya hana a binne shi a maƙabartar mabiya. Gawarsa ta yi ta yawo daga wannan ma'aji zuwa wancan, sai a 1876 aka sa shi a maƙabartar Parma, shekara 36 bayan mutuwarsa. Wato zargin da ake yi wa mai goge a nan, cewa yana hulɗa da iskoki, an yi wa takwaransa a can, kuma malaman addininsu sun ƙyamace shi har bayan ransa.

Duk da haka mun san ranar haihuwarsa, da sunayen malamansa, da kuɗin da ya samu, har da kyautar faran 20,000 da ya ba mai tsara kiɗa na Faransa Baliyoz a 1838. Gogensa, wanda Gwarneri ya sassaƙa a 1743, yana ajiye a fadar hukumar birnin Jenowa, kuma tun 1954 ake gasar masu goge ta duniya da sunansa. Manyan masu tsara kiɗa irin su Liszt da Brahms da Rachmaninoff sun ɗauki kiɗansa na 24 sun yi gini a kai. Me ya kawo wannan bambanci? Ba daraja ce da gogen Turawa ya taso da ita tun asali ba. Wani marubucin Faransa, Jambe de Fer, ya bayyana a 1556 cewa kayan kiɗan rawa ne, kuma ba kasafai ake ganin sa ba sai a hannun masu neman abinci da shi; masu hali wani kayan kiɗan suke riƙewa. Abin da ya ɗaga shi shi ne fada ta karɓe shi, har Sarkin Faransa Luwi na 13 ya kafa rukunin masu goge 24 a 1626, ga kuma hanyar rubuta sautin kiɗa a takarda, ga maɗaba'a da jaridu. Coci ta iya hana Paganini kabari, amma ba ita kaɗai ke da alƙalami a ƙasar ba.

A Sakkwato ta ƙarni na 19 kuwa alƙalami yana hannun malamai, kuma malamai suna da dalilansu. Littattafan da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halil, sun yi hani ga sauraron kayan wasa, sun yi rangwame ga bandiri a wajen aure. Imam Gazali, wanda ya fi yawancin malamai sassauci a kan sauraron waƙa, shi ma ya ware kayan tsarkiya da na busa, ya kafa dalili da cewa alama ce ta mashaya. Shehu Usmanu ya lissafa shagaltuwa da kiɗe-kiɗe cikin aibobin sarakunan da ya tarar, a Kitabul Farƙi da wasu littattafansa. Ƙanensa Abdullahi ya fi shi tsanani. Cikin abubuwan da suka sa ya bar runduna ya nufi gabas a 1807, har ya yada zango a Kano, akwai ganin jama'a sun fara komawa ga neman mulki da tufafin alfarma da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, kamar yadda ya koka a Tazyinul Waraƙat. Daga baya, a shekarunsa na Sifawa, Shehu ya yi sassauci a Najmul Ikhwan, inda ya nuna cewa akwai saɓanin malamai a kan wasu daga cikin waɗannan al'amura, bai kamata a tsananta inkari a inda aka yi saɓani ba. Masanin nan Bajamushe Veit Erlmann ya bi waɗannan rubuce-rubuce dalla-dalla a littafinsa na 1986 a kan kiɗa da gyaran addini a farkon daular Sakkwato.

Sai dai sassaucin bai iso ga goge ba, kuma a ganina dalilin a fili yake. Tambari yana da aiki a yaƙi, yana tara jama'a, yana sanar da fitowar sarki. Kakaki alamar mulki ne. Taushi da kotso sun sami gindin zama don suna ɗauke da yabon sarakuna da tarihin gidajensu, shi ya sa Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, Narambaɗa ya zauna da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Daula tana iya cewa tana bukatar waɗannan. Goge ba shi da irin wannan uzuri, kuma yana ɗauke da wani nauyi da sauran ba su da shi: shi da garaya su ne muryar bori. A Gobir, wadda da ita aka yi jihadin, bori ba wasan gefen gari ba ne. Yana da shugaba a cikin gidan sarauta, wato Inna. Saboda haka yaƙi da bori yaƙi ne da wani ginshiƙi na tsohon mulki. Nana Asma'u ta fahimci haka sarai, shi ya sa da ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru ta naɗa wa jagororinta, wato jaji, malfa, hular da aka san Inna da ita, ta kuma ba mata waƙoƙin ilmi da za su rera a maimakon abin da aka raba su da shi. Matan sun sami madadi. Mai gogen da ke yi musu kiɗa bai samu ba.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi inda Katsinawa suka riga suka zauna. Can bori ya ci gaba a ƙarƙashin inuwar sarauta, goge ma ya bi shi. Ba banza ba Erlmann ya je ƙasar Maraɗi ya yi bincikensa a kan kiɗan bori. A ɓangaren daula kuwa gogen bai mutu ba, ya dai koma ƙauye da bayan gari, daga baya kuma ya shiga bariki.

Don a tabbatar cewa tarihi ne ya yi wannan aiki ba ƙwarya da gashin doki ba, a dubi maƙwabta. A Dagwamba, arewacin Gana, wannan gogen dai kayan fada ne tun ƙarni na 18; masu shi suna yi wa Ya Na na Yendi da hakimansa kiɗa, suna riƙe da tarihin sarakuna, suna gadar da sana'ar cikin alfahari. Farfesa Jacqueline DjeDje, a littafinta na 2008 da ya kwatanta masu goge na Fulani da Hausawa da Dagwamba, ta sami damar bin rayuwar gwaninsu Salisu Mahama, wanda har ya koyar a Jami'ar Gana. A ƙasar Yarabawa, Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, da goge ya yi kiɗan sakara, ya cika fayafai, kuma Musulmin Abekuta da Ikko ne manyan iyayen gidansa. A wurin Buzaye mata ne ke kaɗa gogensu, imzad, maza na zaune cikin ladabi suna saurare, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Dukkan waɗannan al'ummu akwai Musulunci a cikinsu. Abin da ya bambanta shi ne wurin da kayan kiɗan ya tsaya a ranar da aka sake rabon daraja.

To, yaya rayuwar mai goge take a ƙasar nan? Ko da ba a rubuta ta mutum-mutum ba, zubinta sananne ne. Wani gado yake yi, amma da yawa haye suke yi, kuma wannan kansa abin lura ne, don makaɗan fada galibi 'yan gado ne. Yaro yakan fara da bin maigida yana ɗaukar kaya. Sai a zaunar da shi a bayan ƙwarya, ya kife ta a ƙasa yana bugu da 'yan sanduna, yana amshi. A nan yake haddace take ba tare da an ce masa ga darasi ba. In maigida ya fita, sai ya saci jiki ya ɗauki gogen, ko ya harhaɗa nasa da gwangwani. Ranar da aka ji hannunsa ya faɗa, maigida na iya ba shi goge ya sallame shi, ko su rabu baram-baram. Daga nan sai yawo: kasuwa zuwa kasuwa, gidan biki, gidan magajiya, dandalin 'yan bori, otal. A ƙarni na 20, da mota da jirgin ƙasa da rediyo suka zo, ƙanen goge, wato kukuma, ya buɗe wata sabuwar hanya. Ya fi ƙanƙanta, muryarsa ta fi siriri, kuma bai ɗauki nauyin bori kamar yayansa ba. Ibrahim Na Habu ya fito da shi fili, Garba Supa ya mamaye bukukuwan Kano da shi, Ahmadu Doka ya yi tashe, yayin da Garba Liyo ya riƙe babban gogen.

Hassan Wayam shi ne misalin da ya fi kusa da mu. Mutumin ƙasar Maradun ne, ƙasar da ta ba mu Ɗanƙwairo, a cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a cire Zamfara a 1996. Amma ba a fadar Maradun ko ta Sakkwato ya yi suna ba. Zariya ya koma da kukumarsa, can ya zauna, can ya rasu a 2020. A sa shi gefe da Ɗanƙwairo a duba: ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, baiwa a wurin kowa. Mai kotso ya sami fada, fada ta ba shi doki da riga da gona da suna mai ɗorewa. Mai izga sai da ya bar gida ya nemi jama'ar gari, direbobi da 'yan kasuwa da matan aure a wajen biki, waɗanda ke biya yau su manta gobe. Ahmadu Doka kuma ya nuna ɗaya ƙarshen da wannan rayuwa kan yi: ya ajiye kukuma tun ana son kiɗansa, saboda addini. Ba ni da abin cewa ga mutumin da ya zaɓi abin da yake ganin zai fisshe shi gobe kiyama, sai fatan alheri. Amma ga mai tarihi, tuban makaɗi yakan zo da shiru. Shi ba ya son a tuna masa, 'ya'yansa ba sa son a kira su da sunan sana'ar, faifai ya ɓace ba mai nema. Haka kuma da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba 1999, Sakkwato ta biyo baya a 2000, yawancin wuraren da mai goge ke samun na tuwo a gari sun rufe.

Za a ce, ai Paganini mai tsara kiɗa ne, ya rubuta abin da ya ƙaga, mai gogenmu kuwa maimaita abin da ya ji yake yi. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba. Da farko, Paganini kansa ya ƙi buga mafi yawan ayyukansa yana da rai don gudun kada a kwaikwaye shi, kuma rabin abin da ya ruɗa mutane da shi a dandali a nan take yake ƙaga shi. Takarda ta adana aikin ne, ba ita ta haife shi ba. Na biyu, a dubi abin da mai gogen bori yake ɗauke da shi a ka. Kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Malam Alhaji daban, na Kuturu daban, kuma akwai tsarin wanda ake fara kira da wanda ke biye. Fremont Besmer ya bayyana wannan a littafinsa na 1983 a kan borin Kano. Take gajere ne, ba ya wuce 'yan daƙiƙu, amma makaɗi zai riƙe shi tsawon lokaci ba tare da ya gundura ba. Zai faɗe shi sarai da farko don kowa ya gane. Sai ya fara karya shi, ya ƙara masa ado da yatsa, ya hau da shi sama, ya tsinke shi a tsakiya ya bar 'yan ƙwarya su cike, ya matsa gudu in ya ga rawa ta yi zafi, ya dawo da shi gida daidai lokacin da ake zaton ya ɓace. Wannan shi ne ainihin abin da Turawa ke yabon Paganini da shi, ɗaukar ɗan gajeren jigo a yi ta juya shi. A wajen biki kuwa, mai kukuma yakan ƙaga wa mutum sabon take daga sunansa da kirarinsa, ya bi hawa da saukar muryar Hausa har tsarkiya ta kira sunan. Wanda ya yi wannan ya ƙaga abin da babu shi jiya. Kuma masu sauraro na gane hannu: tsohon da ya saba zai gaya maka wane ne ke kiɗa tun mawaƙin bai buɗe baki ba.

Nan ne laifin ya dawo kanmu. Nazarin waƙar baka a jami'o'inmu ya girma ne a sassan harshe da adabi, ya kuma yi aikin da ba za a raina ba. Ɗalibi yakan juyi waƙa daga kaset zuwa takarda, ya fitar da turke, ya warware shi, ya bi salo da tsari, ya nuna kirari da habaici da zambo. Hanyar da Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka ta ambaci kayan kiɗa da rauji, ba ta manta da su ba. Amma ɗalibin da ba a taɓa koya masa yadda zai saurari sauti ya bayyana shi ba, zai rubuta sunan kayan kiɗan ne kawai ya wuce. Ga Narambaɗa wannan hanya ta yi, don ƙarfinsa yana cikin magana. Ko an cire kotso, baitin na tsaye. Ga mai goge kuwa, in aka juye kalmomin aka bar tsarkiya, abin da zai rage a takarda 'yan sunaye ne da maimaici. Sai mai nazari ya duba ya ce waƙar ba ta da zurfi, alhali zurfin yana wurin da bai duba ba. Da haka hukuncin da aka yanke wa goge a ƙarni na 19 saboda addini ya sake samun tabbaci a ƙarni na 20 saboda hanyar nazari, ba tare da kowa ya nufi haka ba.

Na san akwai mai karatu a Sakkwato da zai ce, me ya kai mu tonon abin da Shehu Mujaddadi ya binne? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na neman a sauya hukuncin kowa. Halacci da haramci fagen malaman fiƙihu ne. Abin da nake cewa shi ne sanin abu daban, yarda da shi daban, kuma magabatanmu sun san wannan. Farabi ya yi babban littafi a kan ilmin kiɗa a ƙarni na 10. Ibn Haldun, alƙalin Malikiyya ne a Masar, amma ya ware babi a Muƙaddima a kan sana'ar waƙa, har ya bayyana yadda ake shafa wa abin goga tsarkiya kakin zuma da ƙaro kafin a ja shi. Su kansu shugabannin jihadi, da ba su ambaci kayan kiɗan da suka hana da wuraren da ake kaɗa su ba, da ba mu san rabin abin da muka sani game da kiɗan ƙasar Hausa kafin 1804 ba. Wanda yake son ya gane girman aikin Nana Asma'u dole ya san ƙarfin abin da ta ja matan karkara daga gare shi. Tarihin Sakkwato da babu mai goge a ciki, tarihin wa'azi ne da aka cire waɗanda aka yi wa wa'azin.

Aikin da ke gaba ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da Cibiyar Nazarin Hausa ta jami'a suna nan cikin gari, gidan Rediyon Rima da na Kaduna sun daɗe suna ɗaukar makaɗa, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana iya ɗaukar sauti da hoton yatsu, abin da takardar Turawa ma ba ta iya ba. Abin da ake bukata shi ne a zauna da mutum guda a daɗe, a tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan. Wane take ya tarar, wane ne nasa. Wa ke sassaƙa masa, ina yake samun fatar guza da izga yanzu da dawaki suka yi ƙaranci. Me ya sa yake kama tsarkiya a nan ba a can ba. A nemi ya kaɗa take ɗaya yau, ya sake kaɗa shi bayan wata guda, a kwatanta. A haɗa ɗalibin Hausa da wanda ya karanci kiɗa su yi aikin tare. A kuma girmama wanda ya ce ya tuba ba ya son magana, a nemi yaransa na ƙwarya in sun yarda. Waɗanda suka rage da wannan sani galibi tsofaffi ne, kuma wasunsu suna gabashin Sakkwato da Zamfara, wajen Sabon Birni da Isa da Shinkafi da Maradun, yankin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukansa a 'yan shekarun nan. Mutanen waɗannan ƙauyuka da dama sun yi gudun hijira, wasu sun tsallaka ƙasar Maraɗi, wasu kuma suna nan cikin birnin Sakkwato, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar jami'a.